Nobel ta zo, amma har yanzu haidurojin ba ta samu ma'ajiya mai sauƙi ba

Kyautar Nobel ta fannin kimiyyar sinadarai da aka bai wa Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi a watan Oktoban 2025 ta sake taso da wani tsohon buri: a samu hanya mai araha ta adana iskar haidurojin.

Abin da ya sa ake zawarcin wannan iska shi ne, idan aka samar da wuta da ita, ruwa kawai take fitarwa, babu hayaƙi. Matsalarta cin wuri. Kilo ɗaya, idan ba a matse shi ba, yana cike kusan kubik mita 11.

Shi ya sa motar Toyota Mirai ke danne ta a tukwane masu matsin bar 700, kusan ninki 300 na iskar tayar mota. Wasu kuma suna mayar da ita ruwa, abin da ke buƙatar sanyin digiri 253 ƙasa da sifili. Duka biyun suna cin kuɗi da makamashi.

Abin da masanan uku suka ƙirƙiro, wanda ake kira MOF, gari ne da aka haɗa da ƙwayoyin ƙarfe da wasu sinadarai, cike da ƙananan ramuka kamar soso. Iskar tana shiga ta manne a bangon ramukan. Idan da za a shimfiɗa bangon da ke cikin giram biyu na MOF-5, wanda Yaghi ya gabatar a 1999, zai kai faɗin filin ƙwallo.

To me ya hana a gan shi a tankin mota, alhali tun 2003 Yaghi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwada shi da haidurojin?

Riƙon ne ba shi da ƙarfi. Garin yana ɗaukar iskar sosai a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, amma a zafin ɗaki sai mafi yawanta ta kuɓuce. Ke nan an rage wahalar matsi, an ɗauko ta sanyaya. Idan kuma riƙon ya yi ƙarfi da yawa, fitar da iskar zai buƙaci zafi.

Don haka masu tallan cewa an gama da matsalar sun yi azarɓaɓi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta so a 2025 haidurojin ta kai kashi 5.5 cikin 100 na nauyin dukkan tankin ƙaramar mota, kuma babu wani tankin MOF a kasuwa da ya cim ma hakan a zafin ɗaki.