Tsofaffin Motoci da Shekarun Tayoyinsu

Ya Edita,

Mai wannan wasiƙa, mazaunin Darmanawa, yana roƙon fili a jaridarku mai albarka domin jawo hankalin masu riƙe da tsofaffin motoci, irin su Marsandi da Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, waɗanda har yanzu ake gani a titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, an gyara fenti da inji amma an bar tayoyi sun tsufa.

Motar da ke yini a ajiye ba ta cin zanen taya, wato ramukan da ke kore ruwa domin roba ta kama kwalta, shi ya sa mai ita yake zaton lafiya ƙalau, alhali zafin Kano yana busar da robar har ta taurare ta tsattsage a gefe, kuma irin wannan taya takan sulɓe da damina ko ta fashe a doguwar tafiya. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a jikin taya su ne shekarun haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, lambobi uku kuwa alama ce ta kafin 2000. Zanen da zurfinsa ya gaza milimita 1.6 ya suɗe, ko da mai sayar da tayar gwanjo ya rantse.

Ana roƙon Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta koya wa masu faci na Tarauni karanta waɗannan lambobi, domin su ne direba yake fara tambaya.



Wani mai karatu,
Darmanawa, Kano