Ba Girin-Girin Ba Dai, Ta Yi Mai: Jan Hankali Ga Ƙananan Makaɗa Masu Sayen Lasifika

Duk wanda ke halartar bukukuwan aure da na suna a garuruwanmu ya san halin da kiɗa da waƙa suka shiga tun da lasifika ta zama tilas ga kowane makaɗi. Sai ka tarar an jibge baƙaƙen akwatuna wani bisa wani, ƙara tana girgiza tagogin maƙwabta, mawaƙi yana ta daddagewa har jijiyar wuyansa ta tashi, amma in ka tambayi na kusa da kai abin da ake faɗi, sai ya kaɗa kai. Abin takaici kuwa shi ne, sau da yawa kuɗin da aka zuba a kan waɗannan kaya shi ne jarin ƙungiyar duka, wanda aka tara da adashi ko aka ranto. Tun da aka saki darajar Naira a shekarar 1986, balle kuma bayan faɗuwar da ta yi a 2023, kayan da ake shigowa da su daga waje sun fi ƙarfin a saya a jefar. Wanda ya yi kuskuren saye sau ɗaya zai daɗe yana ɗaukar asararsa a ka.

Mu a namu ganin, ƙaramar ƙungiya ta mutum biyar zuwa takwas, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, abu guda ya kamata ta nema a kasuwa, watau kayan da za su fitar da muryar mawaƙi tangaran. Dalili kuwa a fili yake. Waƙar Hausa magana ce. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, duk abin da ya sa ake tunawa da su shi ne kalmomin da suka jera, da zambo da habaici da yabo, waɗanda kowa ya ji ya kuma riƙe. Kalangu da ganga suna iya kai kansu ƙarshen fili ba da taimakon kowa ba. Muryar ɗan Adam, da ƙananan kayan kiɗa irin su kuntigi da gurmi da kukuma, su ne masu bukatar agaji. Saboda haka duk na'urar da ta binne murya a ƙarƙashin ruri ta kasa yin aikin da aka saye ta dominsa, kome girmanta.

Tarkon farko da ke kama mai saye shi ne lambar da aka rubuta a jikin kwali. Mai shago zai nuna maka akwati ya ce wat 5,000 ne, kai kuwa ka ga ka tsinci dami a kala. To, a sani ƙarfin na'ura iri biyu ake rubutawa. Akwai wanda ake sa wa haruffan RMS, shi ne ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa a kai a kai ba tare da ta gaji ba. Akwai kuma wanda ake sa wa PMPO, wanda ba shi da wani ma'auni da aka yarda da shi, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Wannan wasa da lambobi ba yau aka fara shi ba, domin tun a 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya ta gida, saboda ƙaryar ta yi yawa. Mai saye ya tambayi lambar RMS, in an kasa nuna masa ita ya yi gaba.

Ko da lambar ta gaskiya ce, yawan wat ba ya biyan kuɗinsa yadda ake zato. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kaɗai za ka ƙara, abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari kurum. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, watau sai an ninka wat sau goma. Akwai wata lamba da ta fi wannan amfani, wadda ke nuna yawan sautin da lasifika ke bayarwa in an ba ta wat 1 aka auna daga nisan mita 1. Lasifikar da ke ba da desibel 98 a wannan awo, in an ba ta wat 100, za ta yi ƙarar da mai ba da desibel 92 ba za ta yi ba sai da wat 400. Ashe ke nan kuɗin da za a ƙara a kan babbar amfilifaya gara a ƙara shi a kan lasifika mai kyau.

To, me za a saya? A fara da makirufo, domin ta nan murya ke shiga, kuma abin da ya shiga a gurɓace ba na'urar da za ta tsarkake shi. A nemi irin wadda ba ta bukatar batir ko wuta, wadda ke ɗaukar sauti daga gabanta ta yi watsi da na bayanta. Shure SM58, wadda aka fara yi a 1966, ita ce ta fi suna a wannan aji, kuma sunan nata ya sa jabunta suka cika kasuwannin duniya. In aka yi maka tayinta a kan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinta, ka san abin da kake saye. Gara makirufo mai matsakaicin suna na gaskiya da jabun babban suna. Marasa waya masu arha kuwa a bar su tukuna, domin suna yanke magana a tsakiyar baiti, ga cin batir.

Sai lasifika. Guda biyu masu faɗin inci 12 sun ishi ɗakin taro ko ƙofar gida, kuma sun fi sauƙin ɗauka a Keke Napep. Kowace ta kasance tana da ƙaramar lasifika ta sama mai fitar da siririn sauti, domin a can ne baƙaƙen magana suke, waɗanda ke bambanta kalma da kalma. Babban akwatin nan mai ruri, wanda aikinsa ya tsaya a kan sautin da ke ƙasa da wajen girgiza 100 a daƙiƙa, murya ba ta da rabo a cikinsa, kalangu ma haka, don haka ƙungiyar da ba ta da jita mai kauri ko fiyano mai bugun ganga ta jinkirta sayensa. Abin da ba za a jinkirta ba shi ne sandunan ɗora lasifika. Lasifikar da aka ajiye a ƙasa gwiwoyin sahun gaba take yi wa waƙa, jikin jama'a ya shanye sauran. In aka ɗaga ta ta wuce kawunan mutane, na baya zai ji ba tare da an kurmantar da na gaba ba.

Akwai lasifika mai amfilifaya a cikinta, akwai kuma wadda sai an haɗa ta da amfilifaya dabam. Ga ƙungiyar da ba ta da injiniya, mun fi son ta farko, domin kamfani ya riga ya daidaita ƙarfin biyun, kuma in ɗaya ta mutu ana tsakiyar wasa ɗayar za ta ƙarasa. Ta biyu tana da sauƙin gyara a hannun masu gyara na Sabon Gari da makamantansu, amma tana son lissafi. Lasifika biyu masu om 8 in aka haɗa su gefe da gefe sun koma om 4, huɗu kuwa sun koma om 2, nauyin da yawancin amfilifaya masu arha ba sa iya ɗauka, sai su yi zafi su ƙone. Haka kuma ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe takan fitar da sauti a kakkarye, shi kuwa wannan sauti shi ke ƙona ƙaramar lasifikar sama. Jar fitilar da ke walƙiya a jikin na'ura gargaɗi take yi a rage.

Mikisa, watau na'urar da ke haɗa muryoyi da kayan kiɗa wuri ɗaya, ita ma tana da nata tarko. A ƙirga bukata tun daga gida: mawaƙi ɗaya, 'yan amshi biyu, kalangu ɗaya, gurmi ko kukuma ɗaya, ga fiyano. Sa'an nan a ƙirga ramukan makirufo da ke jikin na'urar, kada a dogara da lambar da ke cikin sunanta. Yamaha MG10XU, alal misali, layi 10 gare ta amma makirufo 4 kaɗai take ɗauka. Wayoyin makirufo kuma su zama masu ƙafa uku, irin da ake kira XLR, domin su ne ke tafiya mai nisa ba su kwaso gurnanin wutar lantarki ba.

Wuta ita ce abin da aka fi mantawa da shi a lissafi, alhali ita ta fi kashe kaya a ƙasar nan. An ƙera waɗannan na'urori domin wutar da ke tsaye a wajen bolt 230, tamu kuwa hawa da sauka take yi, ƙaramin janareto ma haka. Tilas a ware kuɗin sitabilaiza tun farko, kuma kada a yarda a haɗa kayan kiɗa a janareto ɗaya da firji ko injin walda. Wajen kunnawa a fara da mikisa a ƙare da amfilifaya, wajen kashewa a fara da amfilifaya, domin bugun da ake ji in an saɓa wannan tsari yana yaga lasifika. Ƙurar hunturu da zafin bazara su ma abokan gaba ne, a rufe kaya in an gama, kada a bar su a rana.

Game da gwaji a gida, ba a bukatar wani saiti na dabam. Lasifika ɗaya daga cikin biyun, a kwantar da ita a ƙasa tana kallon mawaƙa, ta isa. A wurin gwaji ne kuma ya kamata a koyi maganin kukan nan mai tsini da ke tashi in makirufo ya ji sautin lasifika ya mayar mata. Lasifikar jama'a ta tsaya gaba da mawaƙa tana ba su baya, mawaƙi ya kusantar da makirufo ga bakinsa, kada kuma ya dunƙule kanta da tafin hannu, domin yin haka yana toshe ramukan da ke sa ta yi watsi da sautin baya.

Mun san abin da makaɗa za su ce. Za su ce mai biki da ido yake ciniki, in ya ga akwati biyu a kan sanda sai ya raina ƙungiya ya kira mai akwati goma. Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, kuma a babban fili sauti yana raguwa da desibel 6 duk sa'ad da nisa ya ninka, don haka akwai taron da akwati biyu ba za su iya ba. Amma irin wannan taro sau nawa yake zuwa wa ƙaramar ƙungiya a shekara? In ya zo a yi hayar ƙari, a sa kuɗin a cikin jinga. Ba hikima ba ce a ci bashi domin wasan da ake yi sau uku a shekara, a kuma riƙa biyan motar ɗaukar kaya a sauran wasannin duka. Bayan haka, mai liƙi sunansa yake so ya ji, da na mahaifinsa, a fili, kuma daga nan abincin mawaƙi ke fitowa.

Akwai kuma asarar da ba a gyarawa a Sabon Gari. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa desibel 85 na tsawon awa 8 shi ne iyaka a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama a desibel 100 minti 15 kaɗai ya rage. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a wuraren wasa ya wuce desibel 100, ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji. Nijeriya ma tana da dokar taƙaita ƙara tun 2009. Ɗan kallo yakan zo ya tafi, amma makaɗi kullum yana gindin lasifika, kuma kunnen da ƙara ta lalata ba ya komowa.

A ƙarshe, ranar saye a tafi kasuwa da mawaƙin ƙungiya da makirufonsa. An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ke korar gani. Kada a yarda mai shago ya gwada kaya da faifan kiɗa mai ruri. Mawaƙi ya rera baiti, wani ya ja da baya taku ashirin ya faɗi abin da ya ji. A bar na'ura tana aiki rabin awa a taɓa a ji zafinta, a tambayi inda ake samun kayan gyaranta, a karɓi rasit. Kayan hannu na kamfanin kirki, in an gwada su haka, sun fi sababbi marasa asali, domin araha ba ta ado. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya sayi makirufo da lasifika ɗaya mai kyau bana, ya ƙara ta biyu baɗi. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.