Kayan sallah: wa ke cin ribar adon ƴan Nijar?

Da zarar azumi ya raba tsakiya, kasuwannin ƙasar nan sai su canza kama. Daga babbar kasuwar Yamai zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, layin ƴan atamfa da ƴan shadda ba ya da masakar tsinke, teloli kuma su kwana a kan keke har asuba. Ado ranar idi al'ada ce mai kyau, addini ma ya yarda da ita. Abin dubawa shi ne inda kuɗin wannan ado ke tafiya, da wanda ake bari da nauyinsa bayan an sauko daga idi.

Shaddar Getzner da manya ke taƙama da ita a ƙasar Ostiriya ake saƙa ta. Atamfar da mata ke kira Holan daga masaƙar Vlisco ta garin Helmond take fitowa. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa sai ya koma ga kwaikwayonsu da ake bugawa a Sin, ko ga dilar gwanjo. Yayin kansa ma daga waje ake yanke shi: ɗan kasuwa ya dawo daga Dubai ko Lome da sabon launi, a laƙaba masa suna, a watsa hotonsa a WhatsApp, kafin mako ya zagayo zanen bara ya zama abin kunya ko da bai koɗe ba.

Tun farkon 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Babbar riga ɗaya ta asalin Getzner, da ɗinkinta da aikinta, ta wuce wannan kuɗi. Magidanci mai mata biyu da ƴaƴa shida sai ya ci bashi wurin mai kanti, uwargida ta karɓi kwasar adashe tun lokacinta bai yi ba. Ba a gama biya ba babbar sallah ta iso da ragonta, sannan ga ankon buki da na suna. Gidaje da yawa sun san rikicin da turmin atamfa ɗaya ke iya tayarwa tsakanin miji da mata, ko tsakanin kishiyoyi.

Sau biyu aƙalla ƙasar ta ga illar dogaro da tufafin waje. A watan Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan Turai suka yi tashin gwauron zabo cikin ƴan kwanaki. A 2023, da aka rufe iyaka da Benin, kayan da suka saba shigowa daga tashar Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin hanya kuwa mai saye ne ya biya shi. Duk da haka ba a ɗauki darasi ba. Masaƙar Sonitextil ta Yamai, wadda aka sayar wa ƴan kasuwa a 1997, ba ta iya tsayawa gaban atamfar waje mai araha ba, kamar yadda manyan masaƙun Kaduna suka durƙushe. Masu saƙar gwado da saƙi, da marina masu baba, sun tsufa ba su samu magada ba.

Ƴan siyasa suna da nasu kaso na laifi. Tun bayan taron ƙasa na 1991, jam'iyyu sun riƙa raba wa mata atamfa mai hoton ɗan takara lokacin yaƙin neman zaɓe, amma masaƙi bai ga komi cikin wannan ciniki ba. A maƙwabta kuwa an gwada wata hanya. Thomas Sankara, wanda ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya sa ma'aikatan gwamnati sanya saƙin gida da ake kira Faso Dan Fani, kuma har yau dubban mata na cin abinci da wannan sana'a. Nijar ba ta rasa gwanaye ba: Alphadi ya tara masu zanen tufafi na duniya a hamadar Tigidit a 1998, dukawan Damagaram kuma sun yi suna wajen aikin fata.

Abin da ya rage shi ne magabata su fara da kansu. In ministoci da gwamnonin jihohi da sarakuna suka fito filin idi cikin saƙin ƙasa, in hukuma ta sayi kayan ɗalibai da na ma'aikata wurin masaƙa da telolin gida, yayi zai juya, don talaka abin da ya gani jikin manya shi yake nema. Malamai su ma su tunatar cikin wa'azin azumi cewa tufa mai tsabta ta wadatar ranar sallah, ba a ɗora wa kowa cin bashi dominta ba.