Wa Zai Tsaya Mana a Kotu?

'Yan'uwa, duk ranar da rigimar gona ko ta filin majami'a ta tashi a Tafoki da ƙauyukan kewaye, mun san abin da ke biyo baya. Dattawa su yi karo-karo, a nufi Funtuwa ko Zariya neman lauya, a wuni ana yi masa bayanin wanda ya sare dajin tun farko da wanda ya gada. Mun haifi malaman makaranta, ma'aikatan jinya, fastoci da sojoji. To lauyoyi fa? Kowa ya ƙirga na ikilisiyarsa.

A ganina ba ƙwaƙwalwa 'ya'yanmu suka rasa ba, mai nuna hanya suka rasa, kuma tun ajin farko na babbar sakandare ake ɓatan kai. Mai son karatun lauya sai ya ci Turanci da Adabin Turanci da kyau a WAEC ko NECO, ya kuma rubuta Adabin a JAMB. Yaro nawa ne a Faskari ko Ƙanƙara aka taɓa gaya wa haka? Sai ya gama makaranta, ya je cike fom, sannan ya ji labari. Uban bai sani ba, fasto ma ba fanninsa ba ne.

Wanda ya tsallake wannan, shekara 5 ke jiransa a jami'a, ko a Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko Bayero a Kano, ko Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Daga nan sai Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka buɗe a Legas a 1963, yanzu kuma tana da reshe a Bagauda. A can za a tura shi kotu da ofishin wani lauya ya koyi aiki, kuma kafin a rantsar da shi sai manyan lauyoyi biyu na majalisar da ke rantsarwa sun sa masa hannu. Ɗan manomi daga Sabuwa, ina zai gan su in babu wanda ya riƙe hannunsa?

Kada mu manta tun shekarar 2000 ake aiki da Shari'ar Musulunci a Jihar Katsina. Muna bukatar namu da suka karanci wannan shari'a sosai, suka kuma san sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 a kan 'yancin addini. Maƙwabcinmu Musulmi talaka ma zai ci moriyarsu, don rikicin iyakar gona bai san addini ba.

Roƙona ga lauyoyinmu da ke Kaduna da Abuja ƙarami ne. In kun zo gida Kirsimeti, ku ba matasa yammaci ɗaya bayan sujada, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko yarinya ya bar masa lambar waya. Zumuntar mata kuma, da ba ta gaza wajen anko, ta ware buhun masara ɗaya a kaka don kuɗin fom da littattafan Adabi.