Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Umar Namadi Kan Gonakin Da Aka Ba Kamfanin Rake

Mai girma Gwamna,

Maganar da ta kawo ni ba baƙuwa ba ce a wurinku, domin kuna cikin gwamnatin Alhaji Badaru Abubakar, kuna kwamishinan kuɗi, lokacin da rigimar ta tashi. Gwamnati ta ware wa kamfanin Lee hekta 12,000 don noman rake a yankin Gagarawa, har abin ya taɓa Sule Tankarkar da Garki da Taura. Manoma suka yi ta kuka, wasu suka ƙi karɓar diyya.

Ba ma ƙin masana'anta. Tun 2012 Gwamnatin Tarayya ke neman a riƙa noman sukari a gida maimakon shigo da shi, kuma ko makaho ya san matasanmu na bukatar aikin da zai hana su tafiya cirani. Inda gizo ke saƙa shi ne Dokar Amfani da Filaye ta 1978. Ita wannan doka ta damƙa ƙasa a hannun Gwamna a matsayin amana, kuma idan aka karɓi gona, abin da take biya shi ne amfanin da ke kai: shuka, itatuwa, gini, rijiya. Ita kanta ƙasar ba a sa mata kuɗi. To, mutumin da ya gaji gona kaka da kakanni, yana samun gero da wake da riɗi da zoɓo kowace damina, a biya shi kuɗin kukarsa da gawonsa a ce an sallame shi? Kuɗin diyya ba ya ganin damina biyu. Gona kuwa ita ake jinginarwa ran da ciwo ya zo, ita ake raba wa marayu, da amfaninta ake aurar da 'ya'ya.

Wasu na zagin shugabannin ƙananan hukumomi, ni ban ga laifinsu sosai ba. Ikonsu na ba da filin noma bai wuce hekta 500 ba sai da amincewar Gwamna. Saboda haka ƙofarku ce ta dace a ƙwanƙwasa.

Ina roƙon a buga yarjejeniyar da aka yi da kamfanin cikin harshen Hausa, da taswirar iyakokin filin, a liƙa a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da ƙofar gidan hakimi. Shekara nawa aka ba kamfani? Daga ina zai jawo ruwa, tunda rake ba ya jure ƙishi, mu kuwa a kan jigawa muke, rijiyoyinmu gaba da yawa ne? Ina aka bar wa makiyaya burtali? Shanun da ke cika kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba ta sama suke zuwa ba, kuma duk hanyar da aka toshe musu, cikin gonar talaka za su faɗa.

Sannan duk ɓangaren da ba a shuka rake ba, a ba masu shi na asali aro su yi noman damina, a rubuce, da sa hannun dagatai da bulamai, kada gobe a ce sun yi kutse. Masarautar Gumel na da mutanen da suka san iyakar kowace gona a yankinta. A kafa kwamitin da zai zagaya filin kafin ruwan shuka ya sauka, a sa su ciki.

Wassalam.

Naku,
Wani manomi daga Sule Tankarkar