Furen Janairu Ba Ya Maganin Ciwon Tsohon Soja

Ko wace shekara, ran 15 ga watan Janairu, a kan yi taro a Abuja da Dutse da sauran manyan biranen jihohi domin tunawa da 'yan mazan jiya. A busa begila, a harba bindigogi, manya su aza furanni, a saki fararen tattabaru, a yi addu'a, sa'an nan kowa ya shiga motarsa. An zaɓi wannan rana ne domin a cikinta yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kafin nan ran 11 ga Nuwamba a ke yi, bisa al'adar Ingila. Girmama wanda ya mutu abin kirki ne, ba mai musun haka. Abin da na ke ƙi shi ne a ce da wannan taro na rabin yini an sauke nauyin wanda ya ke da rai. Tsohon sojan da ke kwance a Basirka ko Kantoga da ciwon ƙafa, wace tsiya furen Dutse ya tsinana masa?

Bari mu fara da sanin ko su wane ne mutanen da mu ke magana a kansu, gama yaran yanzu da yawa ba su sani ba. A zamanin yaƙin Hitila, Turawa sun bi ta hannun sarakuna da hakimai suka ɗebi samari dubbai daga ƙasar Hausa, a lokacin Birnin Kudu da Gwaram suna cikin gundumomin En'e ta Kano. Waɗansu aka kai su yaƙin Habasha a 1940 da 1941. A 1943 aka haɗa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin garinsu ba, aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa Ikko, aka zuba shi cikin jirgin ruwa, ya yi makonni bisa teku har Indiya, daga can aka shige da shi dazuzzukan Bama. Can suka yi ta fama da Japanawa a kwarin Kaladan da ƙasar Arakan, kaya bisa ka, abinci sai wanda jirgin sama ya jefo, ga zazzaɓi, ga atuni, har suka ci garin Myohaung a Janairun 1945.

Bayan waɗannan sai na Kwango daga 1960 zuwa 1964. Sai na yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, lokacin da sojan Nijeriya ya tashi daga wajen mutum 10,000 ya kai wajen 250,000. Sai na Laberiya daga 1990, da na Saliyo, sai kuma waɗanda suka yi ta fama da Boko Haram tun 2009. Na Bama kam kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, gama wanda ya ke ɗan shekara ashirin a 1945 yau ya kai ɗari. Wanda ya shiga soja yana ɗan ashirin a 1967 yau ya doshi tamanin. In ba a yi wani abu yanzu ba, su ma haka za su bi sahun na Bama ɗaya ɗaya, kowa a ɗakinsa.

Ga wani abin mamaki. Barikin Dalet a Kaduna, da na Chindit a Zariya, da Dodan da Arakan da Myohaung a Ikko, da Letmauk a Badun, duk sunayensu daga yaƙin Bama aka samo su. Barikin Bukavu na Kano kuwa sunan wani gari ne na Kwango. Watau bangon bariki ya riƙe sunayen wuraren da aka yi yaƙin. To, ina littafin da ya riƙe sunayen mutanen Gwaram da suka je can? Je ka ƙofar dagaci ka tambaya mutum nawa ne daga garin nan suka yi yaƙin basasa, nawa suka dawo, nawa ke da rai, ka ga yadda za a yi ta duban juna.

Abin da na ke kira gare shi ƙanƙane ne. Tsofaffin sojan ko wace gunduma su riƙa taruwa a kai a kai, a ƙalla sau huɗu a shekara, a kuma ajiye littafi guda na sunayensu. Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce taron tsofaffi hira ce kawai, a ci goro, a maimaita labarin da aka ji sau ɗari, a tashi. Mai faɗin haka bai san yadda hakki ya ke fita daga hannun hukuma ba. Duk wanda ya taɓa zama bayan teburin ofis ya sani, takardar mutum ɗaya ƙarƙashin tari ta kan kwana, amma takarda mai sunaye hamsin da lambobinsu, da sa hannun hakimi a ƙasa, ba akawun da zai iya ɓoye ta ya yi barci.

Dubi abin da ya faru a Amurka. A yaƙin Biyetnam sojansu sun yi ta fesa wata guba mai suna Agent Orange bisa dazuzzuka domin ganye ya kaɗe. Bayan shekaru cututtuka suka riƙa fitowa a jikin waɗanda suka yi yaƙin. A 1991 aka yi doka ta biyansu da yi musu magani, amma daga 2002 hukuma ta ce sai wanda ƙafarsa ta taka ƙasar Biyetnam ko ya shiga kogunanta. Sojojin ruwa da suka yi aiki cikin jirage a bakin teku aka bar su a waje. Su kuwa mutanen nan suna da wata al'ada, ma'aikatan ko wane jirgi su kan taru shekara shekara da sunan jirginsu, suna riƙe da adireshin juna, sun san wanda ya kwanta da wanda ya rasu da irin ciwon da ya kashe shi. Suka yi ta kai ƙara, suna kafa hujja da littattafan jirgi masu nuna inda ya tsaya ran kaza, har a 2019 kotu ta ba su gaskiya, majalisa kuma ta yi dokar da ta shigar da duk wanda jirginsa ya yi aiki cikin mil 12 na teku daga gaɓa. Shekara goma sha bakwai suna bin abu guda! Da kowa ya koma garinsu ya manta da ɗan'uwansa, wa zai lura cewa ciwo iri ɗaya ne ke ɗaukarsu?

Kada a ce wannan sai Turawa. A Ankara ta ƙasar Gana, ran 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙi suka jeru za su kai wa Gwamna takardar kukansu a kan alkawuran da ba a cika ba. Aka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Abin da ya biyo baya ya girgiza mulkin Turawa, Gana ta sami 'yancinta a 1957. Kukan nasu kuwa yana da tushe, gama takardun da aka tono a Ingila aka bayyana a 2019 sun nuna ladan sallamar farabiti Bature sule 10 ne a kan ko wane wata da ya yi yana aiki, na baƙar fata kuwa sule 3 da sisi. Harsashi bai bambanta su ba, sai alƙalamin mai biya.

Wani kuma zai ce, ai soja shi ya kai kansa, an biya shi albashi, an sallame shi da garatuti, me ya rage? Wannan magana ta fi ba ni haushi. Albashi ladan watan da aka yi aiki ne. Baƙin ƙarfen da ya maƙale a cinya tun 1968, da kunnen da ƙarar igwa ta kashe, da firgitar da ke tashin mutum tsakar dare yana ihu har maƙwabta su ce aljanu ne, waɗannan ba su san an yi sallama ba. Hukuma da kanta ta yarda da haka, shi ya sa ta kafa hukumar fanshon soja a Abuja, ta kuma kafa kamfanin inshorar lafiya na soja da a ke kira DHML, wanda ya haɗa har da waɗanda suka yi ritaya. Hakkin yana nan a rubuce. Amma inshora ba ta bin mutum gida. Sai ya yi rajista, ya karɓi kati, ya zaɓi asibiti, in ciwon ya fi ƙarfin wannan asibiti a nemo izinin tura shi gaba. Ga babban asibitin Gwamnatin Tarayya nan a Birnin Kudu, wanda mutane ke zuwa har daga ƙasar Bauci. Tsohon da ke Fagam ko Farin Dutse, wanda bai iya karatu ba, idonsa kuma ya yi yana, wa zai gaya masa yana da hakki, wa zai cika masa takarda, wa zai biya masa kuɗin mota? Da yawa akuya su ke sayarwa su sayi maganin da ya kamata su samu da kati.

Haka kuma zancen tantancewa. Hukumar fansho ta kan bukaci ta tabbatar mai karɓa yana da rai, wannan kuwa daidai ne, domin kada a riƙa biyan matattu. Daga 2024 ta shigo da yin abin ta wayar hannu. Ga mai babbar waya da ɗa ɗan makaranta sauƙi ne. Ga wanda ba shi da ko ɗaya, tarko ne, ranar ta wuce bai ji ba, sai dai ya ga wata ya ƙare ba kuɗi. A wurin taro mutum guda mai waya ya isa ya fid da mutum talatin.

Akwai masu cewa ai da ƙungiya, me za a yi da wata? Gaskiya ne, akwai Ƙungiyar Tsofaffin Sojan Nijeriya, wadda a ke kira Lijon, da doka ta kafa tun 1964, tana kuwa da rassa a jihohi. Ban ce a kafa mata kishiya ba. Cewa na yi reshen da ba ya taruwa sai ranar fareti, suna ne kawai a takarda. A cika shi da mutane, a sa shi aiki. Masu tsoron kada taron tsofaffin soja ya zama fitina kuwa, su kwantar da hankalinsu. Tsofaffin sojan da suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a 2025 rashin biya ne ya kai su can. Wanda aka ji kukansa a gundumarsa ba ya kwana a bakin titin Abuja.

Abin kunya ma, ga misali a ƙofar gidanmu. Tsofaffin ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu suna da ƙungiyarsu, suna taruwa, suna tuna malamansu, suna taimakon makarantarsu. Madalla da su. To, in waɗanda suka haɗa ɗakin kwana da kwanon tuwo na 'yan shekaru sun ga ya wajaba su riƙe zumunci, ina ga waɗanda suka haɗa rami guda harsashi na wucewa bisa kansu, wani ya goyi wani ya fid da shi daga bakin mutuwa? Bambancin guda ne, su waɗancan sun iya alƙalami.

Nan ne maganar ta zo kanku, ya ku waɗanda Allah ya ba ku karatu da girmanku a ajin yaƙi da jahilci. Kun sha tambaya, wai bayan karanta wasiƙa da duba rasit me za a yi da wannan ilmi. Ga aiki. Ku sami littafi mai bango mai ƙarfi, ku ja masa layi. A rubuta sunan mutum da na mahaifinsa, da garinsu da unguwarsu, da lambarsa ta soja, da bataliyarsa, da shekarar shiga da ta fita, da inda ya yi yaƙi. A rubuta ko yana karɓar fansho, ko yana da katin asibiti, da ciwon da ke damunsa, da lambar wayar wani nasa. Lambar soja ita ce uwa, gama Musa da Audu suna da yawa a rajistar hukuma, amma lamba ba ta zama biyu. Za ku tarar tsohon da ya manta shekarunsa bai manta lambarsa ba. Takardar sallama kuma a ɗauki hotonta a ajiye, domin gara da gobara da ɗigar damina sun cinye hakkin mutane da yawa.

Kada a bar matan da mazansu suka rasu. Su ne suka fi shan wuya, su ne kuma ba a jin muryarsu. Sau da yawa mace ba ta san mijinta ya rubuta sunan magaji a takardunsa ba, ba ta san ko wane ofis za ta nufa ba, ga takaba, ga marayu. Abokin mijinta da suka yi bataliya ɗaya shi ne zai iya shaida, shi ya san hanya. A ba su shafinsu a littafin. Haka waɗanda aka sallama bayan yaƙin basasa ba tare da fansho ba, su ma a rubuta su dabam, domin maganarsu ta fi wuya, sai an haɗa ƙarfi.

Wurin taro ba ya bukatar gini. Inuwar ƙofar hakimi ta isa, a kuma sa shi ranar kasuwa, kamar ta Sara ko ta Babaldu, lokacin da motoci ke shigowa daga ƙauyuka, mutum ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A fara da kiran suna. Wanda bai amsa ba a tambayi dalili, a tashi mutum biyu su je su dubo shi kafin mako ya zagayo. A yi ɗan asusu, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a ko wane zama, gama kuɗin da ba a karanta lissafinsa shi ke kashe ƙungiya. Da wannan asusu za a ɗauki mota guda a kai marasa lafiya asibiti rana ɗaya, da mai karatu guda a tare da su. A roƙi shugaban ƙaramar hukuma ya turo ma'aikacin lafiya ranar taro ya auna jini da sukari, ya duba ido.

Hakimai da dagatai kuma ina tuna musu da ladabi, ta ƙofar kakanninsu aka bi aka ɗebi na farko. Abin da a ke nema gare su yau shi ne inuwa da tabarma, da umurni ga masu unguwa su kawo sunayen tsofaffin sojan da ke ƙarƙashinsu, da sa hannu a ƙarshen littafin in an gama, a aika da kwafi ɗaya ofishin Lijon na jiha a Dutse, ɗaya ya zauna a gunduma.