Kekenka Ba Tsufa Ya Yi Ba, Kulawa Yake So

Da yawanmu a ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa da keke muke zuwa makaranta. Idan muka makara aka tsare mu a bakin ƙofa, sai mu ɗora wa keken laifi, mu ce sai an sayo sabo. Alhali abubuwa uku ne ke cinye mana ƙarfi a hanya, kuma gyaransu bai kai kuɗin tara ba.

Na farko, sirdi. Idan ya yi ƙasa, gwiwa ce ke shan wahala, gudun kuma babu. Ka hau, ka ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe ba tare da ka karkata ba, sirdin ya zauna daidai. Masu son lissafi, ga aikin gida: ka auna daga ƙasa zuwa matsematsinka, ka ninka da 0.883. Amsar ita ce tazarar da ta kamata daga tsakiyar ƙarfen da feda ke juyawa a kai zuwa saman sirdi. An san wannan dabara da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya lashe gasar kewaya Faransa da keke a 1986 da 1989 da 1990.

Na biyu, iska. Taya mai laushi tana jan keke baya, tana kuma jawo faci. A jikinta an rubuta iyakar iskar da take ɗauka. Mai bin kwalta ta Kwanar Dangora ya cika ta sosai. Mai bin burji ya ɗan rage, don taya mai tauri tsalle take yi a kan tsakuwa.

Na uku, sarƙa. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai, cin ƙarfe take yi. Duk mako a goge da tsumma da ɗan kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a share ragowar.

Jakar littattafai kuwa a ɗaure ta a kariya, baya ya huta. Sai dai keken da ya ƙara gudu yana bukatar birki mai kamawa, musamman a gangaren Riruwai da titin Kano zuwa Jos mai manyan motoci. A duba shi kafin a fita.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.